Kalmar da Na Kasa Faɗa a Kwatano

A Malanbil, bakin iyakar ƙasar Benin, aka fara cutar mu, tun ƙafarmu ba ta bushe daga ruwan Kwara ba. Direban da muka samu a can ya rantse har Kwatano zai kai mu. Da muka iso Paraku ya ce kowa ya sauka ya yi sallah. Muna sallamewa muka ga buhunmu a ƙasa, mota ta juya ta koma inda ta fito. Ni da matata Asabe muka wuni a tashar nan, ba mai jin mu, ba ma jin kowa. Wata mai sayar da doya ce ta dube mu ta dube mu, ta miƙo wa Asabe yanka biyu a ganye, ta ƙi karɓar komai.

Sunana Sale. Ƙauyenmu yana gefen Makoɗa. Karatuna aji biyu ne na sakandare, wanda ya ishe ni rubuta sunana da karanta lambar mota, bai ishe ni komai ba bayan wannan. Da damina noma, da rani dako a Dawanau. Shekarun nan da taki ya fi ƙarfin talaka, gonar gado kuma da aka raba mana mu tara kowa ya tashi da abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba, su suka kore ni. Gero ya ƙare a rumbu tun ba a yi shuka ba. A Dawanau wani ya ce min akwai kamfanin kashu a Kwatano da ke ɗaukar miji da mata, namiji ya ɗauki buhu, mace ta yi tsinta, a ba su ɗaki. Matar da ko rijiya ba na bari ta je, ita na ɗauko na tsallaka ƙasa da ita don ta yi wa wasu aiki. Duk wanda zai zage ni a kan wannan ya fara ciyar da gidansa da iska na wata guda, sannan ya zo mu yi magana.

A Kwatano hannun Isufu muka faɗa. Bahaushe ne haifaffen zangon can, bai taɓa taka Kano ba amma kullum hularsa a karye kamar ɗan Fagge. Shi ne mai kawo wa kamfani ma'aikata, shi ne tafinta, ɗakunan ma shi ke rabawa. Kowane sabon kai da ya kawo akwai abin da ake ba shi. Wannan daga baya na sani.

“Ɗan'uwa, ka zo gida,” ya ce da ni ranar farko. “Duk abin da ya dame ka, bakina bakinka ne.”

Ɗakin na langa-langa ne, a bayan kamfani. Garin kuwa ba ka bushewa. Ka yi wanka ka fito kana zufa, tufafi su kwana biyu a igiya suna warin ruwa. Ba fura, ba daddawar kirki, tuwon masararsu mai tsami kamar an manta da shi. Asabe takan ce da za a ba ta ludayi ɗaya na kunun tsamiyar Innarta da ta yafe albashin mako.

Aikinta a tsaye ne. Dogon tebur na ƙarfe, mata a jere hagu da dama, kowace da farar riga mai faɗi kamar buhu da hular leda, suna fere ɓawon kashu suna ware fari da ja da karyayye. Daga safe har la'asar sakaliya. Babu kujera ko ɗaya a zauren, da gangan, wai wanda ya zauna hannunsa yana mutuwa. Ni ina waje ina sauke buhuna daga tirela.

Mun yi wata uku, wata Lahadi tana wanki a ƙofar ɗaki, ba ta ko ɗago ba ta ce, “Malam, na yi ɓatan wata. Biyu ke nan.”

Shekararmu goma sha biyu da aure a lokacin, ba ɗa ba jika. Sau biyu tana samu yana zubewa, kuma duka biyun bayan dangi sun ji an yi ta murna. Don haka da muka kira Innarta a waya, magana ɗaya ta yi: “Ku kama bakinku. Ko inuwarku kada ta ji.” Muka kama.

A garinmu da ta shiga wata bakwai sai ta koma gaban Innarta goyon ciki, ko tsintsiya ba za ta ɗauka ba sai ta haihu ta yi arba'in. Amma hanyar da muka biyo kwana huɗu ce ta ramuka da kwalekwale, Inna da kanta ta ce kada a kuskura a ɗora ta a mota. Shawarar da muka yanke ita ce ta lallaɓa har wata bakwai, sannan ta zauna a ɗaki. Matsalar ɗaya ce: ɗakin na masu aiki ne su biyu. In ɗaya ya daina zuwa, a mayar da namiji ɗakin gwagware, macen kuma ta san inda ta nufa. Katin asibitin kamfani ma a karɓe.

Wadda ke tsaye kusa da Asabe a tebur wata dattijuwa ce Kirista 'yar garin, Maman Rozin. Ta tsinci Hausa a wajen masu albasa a kasuwa, guntu-guntu. Ita ta fara ganewa. Takan tura wa Asabe wani ɗan akwati a ƙarƙashin tebur ta ɗora ƙafa, in mai duba aiki ya wuce ta janye da ƙafarta. Wata rana da aka tashi ta tare ni a bakin ƙofa, gaban mutane, ta dafa ƙirjina da yatsa.

“Kai miji? Mata naka ciki. Ciki babba. Ƙafa kumbura. Je ofis.”

Wallahi ji na yi kamar ta tuɓe ni a kasuwa. Na waiga ko wani ya ji. Ita ko a jikinta. Ta ja ni har gaban wata takarda da ke manne a bango da Faransanci, wadda nake wucewa kullum, ta nuna min da hannu da guntuwar Hausarta: mace mai ciki tana da hutu, wajen wata uku, kafin haihuwa da bayanta. Aikinta yana nan, ɗakinta yana nan, katinta yana nan. Doka ce, kuma Turawan da ke sayen kashun suna zuwa dubawa. Abin da ake so kawai, a je ofis a faɗa, a kawo takardar likita.

A faɗa. Shi ke nan fa.

Muka shirya. Asabe ta lissafa da wata, ta ce ta shiga na bakwai da kwana kaɗan. Na wanke rigata ta Juma'a. Na samu Isufu na ce ina da magana a ofis a kan iyalina, ya ce an gama.

Ofishin da sanyi kamar cikin randa. Madam mai kula da ma'aikata tana zaune, mace ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, da tabarau. Isufu ya jingina da bango yana sakace. Asabe tana bayana a tsaye, ta ja hijabi har goshi, idonta a ƙasa. Madam ta yi magana, Isufu ya ce, “Ta ce me ke tafe da ku?”

Na buɗe baki. Kalmar tana nan a kan harshena, gajeriya, ko yaro ya iya ta. Amma ga mace baƙuwa tana kallona, ga namiji ba muharrami ba, ga matata a tsaye, ga ɗan fari ne, ga maganar Inna. Ubana har ya mutu ban taɓa jin ya furta wannan kalmar a kan uwata ba, mu tara ta haifa masa. Sai na ji bakina ya ce:

“Iyalina ce ba ta jin daɗin jikinta. Ta yi nauyi. Muna so a ba ta hutu.”

Duk Bahaushen da ya sha nonon uwarsa ya san abin da na faɗa. Isufu ya sani. Ya cire tsinken daga bakinsa ya ce da Madam kalma biyu, na riƙe ta biyun: malad. Madam ta ɗago ta dubi Asabe daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya inda ya kamata ya tsaya. Ta gani sarai. Makaho ma ya gani. Ta sake tambaya, Isufu ya ce, “Ta ce ka tabbata abin da ke damunta ke nan?” Na ce na tabbata. Ta buga takarda a inji ta turo min da biro.

Nan ne abin da ya fi ci min rai. Sauran ma'aikata dangwale suke yi. Ni na karɓi biron nan da yanga, na zana sunana har da wata ƙugiya a ƙarshe, don Madam ta san ba jahili aka kawo mata ba. Da muka fito Asabe har tana tsokanata: “Malam Bature, ashe haka ka iya murza biro.”

Da yamma na kai wa Maman Rozin takardar ina murmushi. Ta karanta, ta sake karantawa, ta buga min ita a ƙirji.

“Malad? Wa ya ce malad? Kwana uku! Kai jaki?”

Malad mara lafiya ne. Mara lafiya ba ya taɓa abincin da za a kai Turai, don haka an ba ta kwana uku ta warke. In ba ta dawo a na huɗu ba, an soke sunanta. Ga sa hannun mijinta a ƙasa, da ƙugiyarsa, yana shaida cewa ciwo ne.

Na sami Isufu a gindin wata bishiya yana shan shayi da abokansa. Ban yi sallama ba.

“Me ka gaya wa matar nan?”

“Abin da ka faɗa.”

“Ka san abin da nake nufi.”

“Ni tafinta ne, Malam Sale, ba boka ba. Ka ce ciki? Ku faɗa min jama'a, in mutum ya ce ba a jin daɗi, ciki zan ce? In na faɗa kuma ka ce na sa wa matarka ido.” Ya kurɓi shayi. “Ku mutanen Kano kun cika kunya kamar amare. Nan bariki ne. In ba za ta iya ba, akwai mata biyu da suka sauka jiya daga Dosso, a tashar mota suke kwana.”

Sai a lokacin na gane. Na ɗaga hannu, abokansa suka riƙe ni. Da na mare shi da a ranar za mu kwana a titi, ya san haka, shi ya sa ko kofin bai ajiye ba.

Rana ta huɗu Asabe ta ɗaura zani ta sa farar rigarta. Na ce ta zauna, ko me zai faru ya faru. Ta ce, “In aka karɓe katin, a ina zan haihu? A tasha?” Ta tafi. Takalminta ya daina shigarta, silifas ɗina take sawa.

Na koma ofis ni kaɗai sau biyu, mai gadi ya ce sai da tafinta. Na nemi Isufu, ya ce yana da uzuri. Mako biyu aka yi haka. Ina sauke buhu ina hango ta ta taga, ta dafa tebur da hannu ɗaya tana tsinta da ɗaya.

Maman Rozin ce ta gaji. Da hutun rana ta zaunar da ni a kan buhu kamar ɗan makaranta ta ce in maimaita: ansant. Na ce mene ne? Ta zana tulu a gaban cikinta da hannu biyu. Na maimaita. Ansant. Abin mamaki, ko ɗar ban ji ba. Kalmar ba ta san ubana ba, ba ta san Inna ba, ba ta da wari ba ta da nauyi. Kamar ka ce buhu.

Na jira har Madam ta shigo zauren zagayen la'asar. Na ajiye buhun da ke kaina, na shiga inda ba a yarda 'yan dako su shiga ba, na tsaya a gabanta na nuna Asabe, na faɗa da ƙarfin da ya fi ƙarar inji. Sau uku na faɗa. Mata sama da hamsin suka tsaya cak. Asabe ta rufe fuska da hannun riga. Maman Rozin ta ajiye wuƙarta a tebur ta naɗe hannu, ta kusa da ita ma ta ajiye, haka har ƙarshen layi.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Irinsu ba sa ɗagawa. Ta sa aka kira Isufu, ya zo yana ta sunkuyar da kai, ya fassara min tiryan-tiryan wannan karon. Wai ita ba ta ƙi ba. Wai da an faɗa mata tun farko da tuni an gama. Yanzu akwai takarda a fayil da ke cewa ciwo ne, sai likita ya rubuta wata ta soke ta, sai kuma babban manaja ya sa hannu, shi kuwa ya yi tafiya. Kafin nan duk ranar da ba ta zo ba, fashi ne.

“A ba ta kujera mana,” na ce.

Isufu ya faɗa mata. Ta ce in aka ba mutum ɗaya, kowa zai nema.

Likita ya rubuta a washegari. Da ya ga ƙafafunta ya auna jininta, ya yi ta faɗa da Faransanci yana nuna ni, ban san me ya ce ba amma na san na cancanta. Na kai takardar ofis da hannuna. Manaja bai dawo ba. Kullum da safe sai in leƙa, mai gadi ya girgiza kai. Matan layin suka riƙa zuba wa Asabe tsintarsu a kwanonta don ta cika ma'auni, suna kare ta da jikinsu ta ɗan tsuguna a ƙarƙashin tebur. Wannan shi ne hutun da ta samu: tsuguno a ƙarƙashin tebur, a ɓoye, kamar ɓarauniya.

Kwana goma sha ɗaya da kai takardar, da hantsi, faya ta fashe mata a tsaye a bakin tebur. Watanta takwas bai cika ba. Ina kan tirela na ji matan sun kaure da magana. A bayan motar kai kaya muka kai ta asibiti, kanta a cinyar Maman Rozin.

Namiji ne. Bai fi tafin hannuna biyu ba. Aka sa shi a kwalba. Na roƙi ma'aikaciyar ta buɗe min, na sunkuya na yi masa huɗuba da sunan ubana, Haruna. Yana da gashi baƙi sosai, da dogayen yatsu irin na uwarsa. Kwana huɗu ya yi.

Mutanen zango suka taya ni, ban da Isufu, wanda ya aiko a ce yana gaisuwa. Maƙabartarsu yashi ce, kana haƙa ruwa yana tsattsafowa. Na tuna jar ƙasar garinmu mai tauri da sai an sa diga. Na sa ɗana a cikin jiƙaƙƙen yashin mutane, na dawo.

Ranar da aka sallamo Asabe, mai gadi ya kawo min ambulan har ɗaki. Manaja ya dawo. Ya sa hannu. An ba Asabe hutun haihuwa cikakke, da ɗakinta da katinta, har da hatimi shuɗi.

Na ce mu tattara mu tafi gida gobe. Asabe tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ta ce, “Ba inda za ni. Hutuna ne. Sai na cinye shi tas, rana ɗaya ba zan bar musu ba.”

Haka aka yi. Ina fita in ɗauki buhun mutanen da suka yi mana wannan, ita tana ɗaki. Babu Inna, babu gwaggo, babu wanda zai yi mata wankan jego. Na yi wa Maman Rozin bayani da hannu da ƙafa: tafasasshen ruwa, ganyen darbejiya, safe da yamma, kwana arba'in. Ta ce mu mahaukata ne, za mu dafa mace kamar kaza. Amma kullum kafin ta shiga aiki sai ta zo da ganyen a ɗaure a kanta, ta hura wuta a bayan ɗaki. Kunun kanwa ni na dama da kaina, Asabe tana faɗa min daga kwance. Na farko ta kurɓa ta ce ko akuya ba za ta sha ba. Ranar ce ta fara yin dariya, ta yi ta yi har ta koma kuka.

Mutanenmu da na kira a waya kowa maganarsa ɗaya: haka Allah ya ƙaddara. Na sani. Ban yi jayayya da Ubangiji ba. Amma ba Allah ne ya hana kujera a zauren nan ba. Ba shi ya ce malad ba. Ba shi ya ga ciki wata bakwai ta cikin tabarau ya buga takardar kwana uku ba. Kuma ba shi ya tsaya a ofis da wankakkiyar riga ya kasa furta abin da kowace akuya a garinmu ke yawo da shi a fili ba. Wannan na ƙarshen da shi nake kwana da shi nake tashi. Ba mu sake samu ba har yau.

Saura kwana biyu hutun ya ƙare muna ɗaure kaya, don mun gama magana ba za ta sake tsayawa a teburin nan ba. Tun rasuwar ba mu taɓa zancen ofis ba. Ina ɗaure bakin buhu na ce, “Asabe, da na faɗa ranar nan, da yanzu yana bayanki.”

Ta daɗe tana ninke zani ɗaya.

“Malam,” ta ce, “ina bayanka a tsaye ranar, addu'a nake yi kada ka faɗa. Da ka faɗa a gaban mutumin nan, da na yi wata ban yi maka magana ba.”

Na ce, “Ai da wata ɗaya ne kawai, ya wuce.”

Ta sa zanin a buhu, ta miƙo min igiya.